Yadda Ake Shirya Sujada a Majami'a da Makaranta: Jagora ga Masu Hidima a Kaduna

Ranar Talata ya kamata a fara aikin sujadar Lahadi. Duk wanda ya taɓa zama a bencin baya a wata majami'a a Sabon Tasha, Narayi ko Kakuri ya san yadda abin yake idan an bar shi sai safiyar Lahadi: mai jagora yana laluben lambar waƙa a gaban jama'a, mai karatu sai da aka kira sunansa ya san shi ne da karatu, ƙungiyoyi uku kowace tana so ta yi waƙa biyu, sanarwa ta cinye rabin awa. Kafin Baba Fasto ya hau mumbari yara sun fara kuka, tsofaffi kuma sun fara gyangyaɗi. Ba rashin ƙaunar Allah ne ya jawo hakan ba. Mutane ne masu himma, amma kowa ya zo da nasa, aka rasa mai haɗa su.

Ma'aunin da nake roƙonku ku riƙe a duk matakan nan shi ne mutum biyu: tsohuwar da ke zama can baya wadda ba ta iya karatu ba, da yaro ɗan shekara tara. Idan suka koma gida aka tambaye su abin da Allah ya faɗa yau suka iya amsawa, shirin ya yi. Sujada ta jama'a ce. Waɗanda ke gaba masu hidima ne kawai.

Mataki na farko: waɗanda za su zauna

Kada kwamitin ya wuce mutum shida: fasto ko mai bishara, dattijo ɗaya, shugaban mawaƙa, Uwar Zumunta (jagorar Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya) ko wakiliyarta, malamin Makarantar Lahadi, da matashin da ke kula da na'urar magana. Minti arba'in da yammacin Talata ya isa. A buɗe da karanta nassin da za a yi wa'azi a kai, da murya, kowa yana ji. Wannan yana nufin mai wa'azi ya riga ya san nassinsa tun ranar Talata. Idan baƙo ne, a kira shi a tambaya cikin ladabi, babu laifi a ciki.

Mataki na biyu: a dubi shekara kafin a dubi mako

'Yan'uwanmu Katolika da Angilika sun samu sauƙi a nan, domin suna da jerin karatu da aka tsara. A Katolika yana zagayawa cikin shekara uku: shekarar Matiyu, shekarar Markus, shekarar Luka, ana saka Yahaya a tsakani. A ECWA, Baftis, HEKAN, COCIN da sauran ikilisiyoyin da mai wa'azi ke da 'yancin zaɓar nassi, haɗarin shi ne a yi ta komawa kan ayoyin da fasto ya fi so, har a shekara biyar ba a buɗe Amos ko Littafin Rut ba.

Maganinsa shi ne a zauna sau ɗaya a wata uku da kalanda. A fara sa ranakun da ba sa canzawa da waɗanda aka sani: Lahadi huɗu na jiran Kirsimeti, Kirsimeti, makon shan wahalar Ubangiji, Ista wadda takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, sai Fentikos mako bakwai bayanta. A sa makon Zumuntar Mata, na matasa, na yara, da bikin godiyar kaka. Abin da ya rage a cika shi da littafi ɗaya da za a bi daga farko zuwa ƙarshe. Markus yana da sura 16, Yaƙubu 5, Filibiyawa 4, duk ana iya gama su ba tare da an gaji ba.

A kuma tuna da ƙasar da muke ciki. Zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano ba lokacin doguwar sujada ba ne. Da damina, ikilisiyoyin Kachia, Zonkwa da Saminaka cike suke da manoman da suka yini a gona kwana shida, kuma ruwa kan kwano yakan danne muryar mai magana. A watannin Mayu da Yuni gidaje da yawa suna da ɗa mai rubuta jarrabawar WAEC. Duk waɗannan su shiga cikin zaɓen nassi da addu'a.

Mataki na uku: jimla ɗaya

Bayan an karanta nassin, a tambayi mai wa'azi: "Baba, a jimla ɗaya, me kake so jama'a su tafi da shi?" A rubuta amsar a saman takardar shiri. Daga ita ake zaɓar komai.

Ga misali. Nassin shi ne Markus 4:35-41, inda hadari ya taso wa almajirai a teku, Yesu yana barci a bayan jirgi. Jimlar ita ce: Ubangiji yana tare da mu a cikin jirgin ko da muna ganin kamar ya yi shiru. To karatu na farko ya zo da kansa, Zabura 107:23-30, labarin matuƙan jirgin da suka yi kuka ga Ubangiji ya kwantar da hadarin. Shugaban mawaƙa ya nemo waƙoƙin dogara ga Allah, ba na aure ko na baiko ba. Uwar Zumunta ta gaya wa mata tun ranar koyon waƙa. Mai addu'a ya san cewa ranar ce za a ambaci iyalan da aka sace musu mutum, da masu bin hanyar Birnin Gwari ko ta Abuja, da waɗanda suka bar ƙauyukansu suna zaman gidan dangi a gari. Malamin Makarantar Lahadi ya zo da kwano da ruwa da jirgin takarda. Idan ba a yi haka ba, sujada takan zama kamar miyar da kowa ya jefa abin da ke hannunsa: kayan duk masu kyau ne, amma ba ta shawuwa.

Mataki na huɗu: jerin hidima da agogo

Kowace ɗarika tana da tsarinta, kuma ba na ce a rushe shi ba. Amma a ƙarƙashin kusan dukansu akwai tafiya iri ɗaya da muke gani a Ishaya 6: mutum ya ga girman Allah, ya ga zunubinsa, aka tsarkake shi, ya ji murya, ya amsa, aka aike shi. Wato taruwa da yabo, tuba da jin gafara, jin Kalma, amsawa da addu'a da baiko, sai sallama. Wurin da muka fi tsallakewa shi ne tuba. Muna tashi daga rawa mu faɗa cikin sanarwa. A ba shi ko minti uku ne, a karanta wani sashe na Zabura 51 ko 1 Yahaya 1:8-9, a yi shiru, sannan a furta alkawarin gafara.

A rubuta minti a gefen kowane abu. Ga sujadar awa biyu, shawarata ita ce yabo da waƙoƙin buɗewa minti 20, tuba da addu'ar buɗewa 8, karatu biyu 10, waƙoƙin ƙungiyoyi 15, wa'azi 35, addu'ar roƙo 10, baiko 10, sanarwa 7, albarka da waƙar rufewa 5. A ba kowane mai hidima kwafi, ko a tura ta WhatsApp tun ranar Juma'a. A fara a kan lokaci ko mutum goma ne a ciki. Masu zuwa a makare sun san ana jiransu ne, shi ya sa suke makara.

Mataki na biyar: harshe

A benci ɗaya a Kaduna za ka iske Bajju, Atyap, Ham, Gbagyi, Adara da Bahaushe daga Zariya ko Giwa, ga kuma jikokinsu da suka fi jin Turanci. Hausa ce ta haɗa iyayenmu, har yanzu kuma ita ce harshen da tsofaffi da yawa suke addu'a da shi. Majami'u da yawa sun raba sujada biyu, ta Turanci da ta Hausa. Wannan ya warware wata matsala ya kawo wata, domin kaka da jika ba sa ƙara zama wuri ɗaya a gaban Allah. Ina ba da shawarar sujadar haɗe sau ɗaya a wata, amma a shirya ta sosai. Mai fassara ya samu takardar wa'azi tun ranar Asabar, mai wa'azi ya rage tsawon maganarsa da rabi, ya kuma yi gajerun jimloli. A bar ƙungiya ɗaya ta yi waƙa da harshen gida, Jju ko Tyap ko Gbagyi, amma wani ya fara faɗin ma'anarta a taƙaice domin kowa ya iya cewa amin. Bulus ya ce ya gwammace ya faɗi kalma biyar da za a fahimta a cikin taro da ya faɗi dubu goma da ba a fahimta (1 Korantiyawa 14:19).

Mataki na shida: karatun Littafi Mai Tsarki

Nan ne na fi so mu daɗe, domin nan ne muka fi sakaci. Mawaƙa suna koyo sau biyu a mako, mai wa'azi yana shiri kwanaki, amma karatun Maganar Allah, wanda shi kaɗai ne babu kuskure a cikinsa a duk sujadar, sai a miƙa wa wanda ido ya faɗa kansa.

A zaɓi masu karatu shida zuwa takwas, maza da mata da matasa, a yi musu jadawali. Kowa ya samu nassinsa ranar Laraba. Ya karanta shi da murya a gida aƙalla sau uku, ya sa alama da fensir inda zai numfasa, ya tambayi yadda ake furta sunayen da suka yi masa nauyi. Hausar rubutu ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka wanda bai duba jimla tun farko ba zai yi tuntuɓe a tsakiyarta, ya koma baya, ma'anar ta watse.

A daidaita kuma a kan juyi ɗaya. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya yake cikin waɗanda suka yi shi, sai sabon juyi ya biyo baya a 1979. Har yau dukansu suna hannun mutane. A tsohon za ka ga Matta, Yohanna, Misalai da Ru'ya ta Yohanna, a sabon kuma Matiyu, Yahaya, Karin Magana da Wahayin Yahaya. Mai karatu ya faɗi sunan littafin ta hanyoyin biyu, ya maimaita sura da aya, ya dakata har ƙarar buɗe shafuka ta lafa, sannan ya fara. Sannu a hankali, fiye da yadda yake jin ya kamata. A zamanin Ezra, Lawiyawa sun karanta Doka dalla-dalla suna bayyana ma'ana har jama'a suka gane (Nehemiya 8:8). Ga wadda ba ta iya karatu ba, wannan minti biyar ɗin shi ne Littafinta na mako.

Mataki na bakwai: waƙa

Tambayar farko game da kowace waƙa ita ce ko jama'a za su iya yin ta. Idan mai jagora ya ɗauko ta a sama inda shi kaɗai muryarsa ke kaiwa, maza za su yi shiru, sauran su zama 'yan kallo. A sauke ta. Tambaya ta biyu ita ce me kalmominta suke faɗa. Shugaban mawaƙa ya rubuta su a takarda ya karanta ba kiɗa. Akwai waƙoƙin da kiɗansu ke da daɗi amma idan aka cire shi sai a ga babu Almasihu a ciki, sai habaici ga maƙiya.

A haɗa iri uku a kowace Lahadi: ɗaya ko biyu daga Littafin Waƙoƙi, na amshi da kowa ya sani, da na ƙungiya. Kada a raina waƙoƙin Zumuntar Mata. Tulu da gora da kacau-kacau, mai bayarwa ɗaya sauran suna amsawa, da haka matan nan suka koya wa ƙauyuka labaran Littafi Mai Tsarki tun kafin a samu lasifika. A ba su nassin mako da wuri, sau da yawa za su zo da sabuwar waƙa a kansa. Amma ƙungiya ɗaya ko biyu a Lahadi ɗaya, waƙa ɗai-ɗai, a bi da bi. A faɗi wannan doka a taron dattawa domin kada wata ƙungiya ta ga kamar ita aka tsana.

Sabuwar waƙar jama'a ɗaya a wata ta isa. A koyar da ita layi-layi minti biyar kafin a fara sujada, a maimaita ta makonni uku a jere.

Game da na'ura kuwa, ga gwaji mai sauƙi. Lokacin waƙa, dattijo ya tsaya a tsakiyar majami'a. Idan ba ya jin muryar mutumin da ke kusa da shi, ƙarar ta yi yawa. A juya lasifika ciki, ba waje ba, musamman a unguwannin da muke katanga ɗaya da maƙwabta Musulmi da marasa lafiya da masu jarirai. Mawaƙa kuma su riƙe waƙa biyu da za su iya yi ba jita ba madannin kiɗa, domin idan aka ɗauke wuta kada sujada ta tsaya ana jiran janareta.

Mataki na takwas: addu'a, sanarwa da baiko

Wanda zai yi addu'ar roƙo ya san da haka tun Laraba, ya rubuto batutuwa biyar: ikilisiya, ƙasa da shugabanni, gari da maƙwabta, masu wahala, da iyalanmu. Bayan kowane batu jama'a su amsa tare, "Ya Ubangiji, ka ji addu'armu." Kada a ambaci sunan mara lafiya ko wanda ke cikin rikicin aure sai da izininsa.

Sanarwa duk ta biyo ta hannun sakatare a rubuce kafin a fara sujada, mutum ɗaya ya karanta. Wadda ta shafi ƙungiya ɗaya kawai ta tafi allon sanarwa. Baiko kuma a yi shi sau ɗaya, ko biyu idan akwai na musamman da aka sanar tun makon jiya. Kiran mutane gaba bisa ga yawan abin da za su bayar yana kunyata gwauruwa da mara aiki, Yaƙubu 2:1-4 kuma ya riga ya yi mana gargaɗi a kan bambanta mai zoben zinariya da matalauci a cikin taro.

Ranar Jibin Ubangiji a rage waƙar ƙungiyoyi maimakon a ƙara tsawon sujada, a kuma tsara tun farko dattawan da za su kai wa marasa lafiya a gida.

Tsaro ma yana cikin shiri. Tun harin da aka kai majami'ar St. Rita a nan Kaduna ana tsakiyar sujada a Oktoban 2012, mun san cewa tsayuwa a ƙofa hidima ce. A yi wa 'yan Brigade (ƙungiyar matasan ikilisiya masu yunifom) da masu gadi jadawali domin kada mutum ɗaya ya shekara bai ji wa'azi ba, kada kuma a kulle ƙofofin gefe.

A makaranta

Ɗalibai suna da daɗaɗɗen gado a nan. Ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS ta fara a Gindiri a 1957 ta bazu a makarantun Arewa, ɗaliban Katolika kuma suna da tasu ƙungiyar, YCS. Ƙarfinsu tun asali shi ne ɗalibai ke jagora, malami yana tsaye a baya. A riƙe wannan.

Sujadar safe minti 15 ce: waƙa ɗaya da kowa ya sani, karatu da bai wuce aya goma ba, bayani na minti biyar a kan abu ɗaya, addu'a, Addu'ar Ubangiji tare. A farkon zango malamin da ke kula da ƙungiyar ya zauna da shugabannin ɗalibai su raba makonni, kowane aji da nasa. Littafi ɗaya a zango: Luka a zangon farko da ke ƙarewa daf da Kirsimeti, Markus a na biyu mai kusantar Ista, Karin Magana ko Daniyel a na uku lokacin jarrabawa. Ɗalibin da zai yi bayani ya nuna wa malami abin da ya rubuta kwana biyu kafin ranar. Malam ya gyara masa a keɓe, kada a gaban 'yan'uwansa. Kada a bar manyan ɗalibai su riƙe komai. Yarinyar aji ɗaya mai rawar murya ita ma a ba ta aya biyu ta karanta.

Abu biyu nake roƙon malamai. Na farko, ku raba sujada da horo. Idan aka ce amin sai aka kira sunayen masu makara aka fito da bulala, yaro zai haɗa addu'a da tsoro har ya girma. A rufe sujada, a dakata, sannan a shiga harkar makaranta. Na biyu, ɗalibanku daga ɗariku daban-daban suke. A tsaya kan abin da ya haɗa mu, wato Littafi Mai Tsarki, Addu'ar Ubangiji da Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, a bar gardamar baftisma da ta magana da harsuna ga iyaye da fastocinsu.

A makarantar da ke da Kirista da Musulmi, a nemi izinin shugaban makaranta a rubuce, a daidaita aji da lokaci tare da malamin addinin Musulunci, kada a tilasta wa kowa shiga, kada kuma a yarda baƙon mai wa'azi ya zagi addinin wani. Yaran nan benci ɗaya za su koma bayan an tashi.

A makarantun kwana, sujadar Lahadi kada ta wuce awa ɗaya da rabi, a kuma gama taron dare da wuri, a cikin harabar da masu gadi ke gani. Bayan sace ɗalibai sama da 100 na makarantar Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun a Yulin 2021, yara da yawa suna kwana da fargaba. A ba su dama su rubuta roƙonsu a ƙananan takardu ba suna, a sa a akwati, a karanta wasu a addu'a. Malamin da ke buɗe akwatin zai gane abin da ya kamata a yi wa'azi a kai mako mai zuwa.

Talata ta gaba

Minti goma na farkon zaman kwamiti na bita ne. An fara a kan lokaci? Ina aka zarce? Wace waƙa ce jama'a suka yi da ƙarfi, wacce suka yi shiru? Kowane ɗan kwamiti ya riga ya tambayi mutum ɗaya a bakin ƙofa ranar Lahadi, tsoho ko yaro, abin da ya ji, ya kawo amsar yadda aka ba shi. Sakatare ya sayi babban littafin rubutu, kowace Lahadi da shafinta: kwanan wata, nassi, jimlar mako, lambobin waƙoƙi, sunayen masu karatu da masu addu'a. Bayan wata shida a buɗe shi daga farko, a ƙirga littattafan da ba a taɓa ba, waƙoƙin da aka maimaita fiye da kima, da mutanen da ba a taɓa ba su hidima ba. Da wannan jerin za a zauna shirin wata uku masu zuwa.